Kalmomin Turanci masu o-u-g-h, wai me ya sa kowacce da irin nata karatun?

Ummi Tudun Wada: Slm jama'a barkanmu da yamma. Don Allah malaman Turanci na gidan nan ku agaza min, ina taya ƙanina bitar oral ɗin WAEC ne sai muka ci karo da wasu kalmomi duk da ough a jikinsu, though, through, tough, thought, thorough, ni dai wlh kusan iri ɗaya nake karanta su duka, shi kuma yace malaminsu yace kowacce daban take. Da gaske ne? kuma meye ma'anar kowacce

Baffa Gwale: Hhhh Ummi kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni through da thorough har yau in na gansu a takarda sai na tsaya na ƙirga harafin o tukunna

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam Ummi. Malaminsu ya faɗi gaskiya. Haruffan nan huɗu 'yan anko ne kawai, kaya iri ɗaya amma kowa da halinsa. Shawarar da nake ba ɗalibaina kullum ita ce kar su tara su wuri ɗaya don sun ga rubutun ya yi kama, a raba su gida gida bisa yadda kunne yake jinsu. Bari in fara da masu sauƙi. Akwai waɗanda ƙarshensu ke fita da af: tough ana cewa taf, abu mai tauri ko mai wahala, nama in ya ƙi tauno tough ne, jarrabawa in ta yi zafi tough ce. Rough ana cewa raf, kaushi, ko hanya mai gargada. Enough, inaf, wato ya isa. Sai masu of, su biyu ne za ki fi haɗuwa da su, cough wato tari, da trough wato komin da ake zuba wa dabbobi ruwa ko dusa.

Ummi Tudun Wada: To Malam cough da tough ba ɗaya bane ke nan? ai duka f nake ji

Malam Nasiru: F ɗin ɗaya ne, wasalin ne ya bambanta. Cough yana tafiya da off, tough yana tafiya da stuff. Kuma daidai nan masu saita tambaya suke kafa tarko, za su ba yaro cough su ce ya nemo wadda ta yi amo ɗaya da ita, su jera masa rough da though da off, shi kuma idonsa na ganin ough sai ya yi wuf ya zaɓi rough. Kama da wane ba ta wane.

Sadiq Mai Data: MTN Airtel Glo duk akwai cikin sauƙi, a min magana ta pc

Admin Anti Hadiza: Sadiq don Allah ba yanzu ba, ana karatu. Ranar Asabar ce ranar talla ka sani sarai

Baffa Gwale: Allah gafarta Malam ni fa inaga duk wannan dogon turanci ne, yaron nan jarrabawa ce a gabansa ba BBC zai je karanta labarai ba. A ba shi past question na shekara goma ya haddace amsoshin kawai, tambayoyin nan maimaita kansu suke. Mu haka mukayi kuma mun ci

Malam Nasiru: Baffa kun ci amma ga shi da bakinka kace har yau kana ƙirga harafin o

Maman Ilham: 😂😂 Malam ya gama da kai Baffa

Baffa Gwale: Wannan kuma daban, satifiket dai yana cikin akwati

Malam Nasiru: Ban hana past question ba, ni ma da shi nake koyarwa. Amma takardar oral tambaya 60 ce a minti 45, ba lokacin tsayawa tuno shafin da ka haddace, in suka canza kalma ɗaya shi ke nan an bar yaro a tasha. Wanda ya san gidajen kuwa ko wacce aka kawo zai gane ta. Bari in ci gaba. Gida mafi yawan jama'a shi ne masu ƙarewa da t, kuma yawancinsu aikatau ne na abin da ya wuce: bought ya saya, brought ya kawo, fought ya yi faɗa, sought ya nema, thought ya yi tunani ko kuma tunanin kansa. Sai ought wato ya kamata, da nought wato sifili. Duk waɗannan o ne mai tsawo sannan t, gh ɗin kwata kwata ba a jinsa. In ka iya bought ka iya sauran.

Zainab ABU: Malam drought fa? ai shima da t ya ƙare

Malam Nasiru: Yauwa Zainab, shi ne ɗan tawayen gidan. Drought ba ya bin su bought, ana cewa draut, yana tafiya da out da shout. Ma'anarsa fari, rashin ruwan sama, irin wanda aka yi a Sahel a farkon shekarun 1970 da kuma 1984 wanda iyayenmu ke ba da labari. Gidansu ɗaya da plough, plau, wato garmar shanu ko yin huɗa, da bough, bau, babban reshen bishiya. Su ukun nan au ne kamar a cow.

Zainab ABU: Tabɗi. Mu fa a ajinmu na jogurafi har lakcara drot yake cewa, wani lokacin ma draft

Malam Nasiru: Draft kuma wata kalma ce daban, draught da a-u-g-h, ita ce ake karantawa draft. Iskar da ke shigowa ta kafar ƙofa ko taga draught ce, kuma wasan nan na allo da ake bugawa a bakin titi da majalisa, draughts, shi ne muke cewa daraf. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, drought fari, draught iska. Ba na son in shiga augh yanzu kar in rikita Ummi amma ki duba laughter da slaughter, s kawai aka ƙara a gaba, dariya ta koma yanka, karatun ma ya canza gaba ɗaya, lafta da slota. Daughter ma ta bi slaughter.

Ɗan Maradi: Assalamu alaikum, ni ina biye da ku tun ɗazu ina ta dariya. Mu nan Nijar da munka yi lakwal, wato boko, da Faransanci muna ganin mu aka zalunta, ashe ku ma kuna shan taku. Mu matsalarmu juyin taku ce, sauti guda amma rubutu barkatai. Ruwa eau, jam'insa eaux, ga au, ga haut mai nufin sama, dukansu o kawai za ka ce. Tsuntsaye oiseaux haruffa bakwai amma wazo ne. Shi ya sa mushe, wato malamin makaranta, ke kashe mu da dikte, wato shifta, tun firamare. Amma dai in ka ga eau ko'ina ka san o ne, ba ya yaudararka. Ku kuwa ka ga kalma ba ka san yadda za ka hurta ta ba sai wani ya gaya maka, wannan ai ya fi muni

Baffa Gwale: Kaga ni shi yasa nake son Hausa, abin da ka faɗa shi zaka rubuta, ba munafurci

Malama Binta: Baffa tsaya tukunna kar ka yi saurin yabon kai. Rubuta min fari ka gaya min wanne kake nufi, farin kaya, ko farin da Malam Nasiru ya gama bayani yanzu na rashin ruwa, ko na ɗan fari. Rubutu ɗaya karatu uku. Gari fa, na zama ko na tuwo? Wuya, ta jiki ko ta wahala? Boko ba ya nuna tsawon wasali kuma ba ya nuna karin sauti, mu da muka tashi da harshen ne jimla take gaya mana wanne ake nufi shi ya sa ba ma lura. Ka ba Bature ko Bayarabe mai koyon Hausa ya karanta maka za ka ji yadda zai yi ta tuntuɓe. Balle ku da ba kwa sa ƙugiya a waya, ku rubuta baki a rasa bakin magana ne ko baƙin launi ko baƙin da suka zo daga tafiya

Baffa Gwale: Malama ai namu da sauƙi, ko ba komai ba mu cusa haruffan da ba a karantawa. Su meye amfanin gh ɗin to in ba za a faɗe shi ba

Malam Nasiru: Da can ana faɗinsa Baffa, nan ne labarin yake da daɗi. Turawan Ingila na shekaru ɗari shida ko bakwai da suka wuce suna da wani sauti na maƙogwaro, kusan irin خ na Larabci, duk wanda ya yi tajwidi ya san shi. Shi ne gh yake wakilta. Kafin gh ma wani harafi ne na daban suke rubuta shi da shi mai kama da lamba 3, ana ce masa yogh, daga baya bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066 sannu a hankali marubuta suka koma sa gh a madadinsa. To sai sautin ya mutu a bakin mutane. A wasu kalmomin ya ɓace gaba ɗaya, su thought da though da night da light, a wasu kuma ya rikiɗe ya zama f, su cough da rough da laugh. Jamusawa dangin harshe ne da su kuma su ba su yar da shi ba, har gobe dare Nacht ne, haske Licht, 'ya mace Tochter, dariya lachen. Mutanen Sikotlan ma suna da shi a kalmar loch wato tafki.

Maman Ilham: Ikon Allah. To da sautin ya mutu me ya hana su gyara rubutun

Malam Nasiru: Injin buga littafi ne ya riga su. William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, aka fara buga littattafai da yawa da rubutun wancan zamani, a daidai lokacin kuma lafazin wasulan Turanci yana ta sauyawa, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya inda take. Da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755 sai ya ƙara danne abin, kowa ya koma duba ƙamus yana kwafa. Wato in kin rubuta thought yau kina rubuta yadda kakannin kakanninsu suke faɗa ne.

Zainab ABU: Amma naga Amurkawa suna rubuta thru a jikin gidajen abinci, drive thru, da donut

Malam Nasiru: Su sun ɗan taɓa. Noah Webster da ya yi ƙamusunsa na 1828 ya so a sauƙaƙa rubutu, shi ya sa a Amurka plough ya zama plow, draught ma draft suke rubutawa. Har shugaban ƙasa ya shiga maganar, Theodore Roosevelt a 1906 ya ba da umarni a riƙa buga takardun gwamnati da sabon rubutu na kalmomi 300, ciki har da thru da tho, jaridu suka yi ta masa ba'a majalisa ta ƙi, kafin shekarar ta ƙare ya janye. Saboda haka thru ta tsaya a allon talla da chat. Ummi ki ja wa ƙaninki kunne kar ya kuskura ya rubuta thru ko tho a essay, jan biro zai sha.

Engr Mubarak Leicester: Malam Allah ya ƙara basira. Bari in ƙara muku da na nan inda muke. Akwai wani gari kusa da mu Loughborough, ough biyu a suna ɗaya kuma kowanne da karatunsa, 'yan garin Lafbra suke cewa, na farko af na biyu ɗan a gajere. Duk baƙon da ya sauka tashar jirgin ƙasa daga yadda ya kira sunan ake gane yau ya zo. Sannan ga Slough can yamma da Landan, shi kuma Slau. Wato ko su kansu ba doka suke bi ba, ji suka yi a bakin iyayensu

Baffa Gwale: Middlesbrough fa Injiniya, inda Yakubu Aiyegbeni ya buga. A gidan kallo Midilsboro muke cewa

Engr Mubarak Leicester: Midilzbra ne a bakinsu, irin ƙarshen Loughborough ɗin dai. Kuma ka lura a rubuce babu o tsakanin b da r, brough ne ba borough ba, mutane da yawa suna ƙara masa

Malam Nasiru: Injiniya ka kawo mu gidan da ya rage. Borough, bara, gunduma ce ta mulki kamar ƙaramar hukuma, Landan tana da su 32. Ɗan uwansa shi ne thorough da Baffa ke tsoro, gaɓa biyu ne, ma'anarsa yin abu tsaf ba a bar komai ba, likita ya duba ka thoroughly wato ya bi ka ƙwaƙƙwafi. Through kuwa gaɓa ɗaya ce, tana tafiya da blue da true, ma'anarta ta cikin abu, ratsawa, mota ta bi through Zariya ta wuce Kaduna. Sai though da although, ko da yake, duk da cewa, suna tafiya da go da so. Dough ma nan yake, do, kwaɓin fulawa kafin a gasa burodi ko a soya cincin, daga nan doughnut ta samo suna.

Maman Ilham: Au wai do ake cewa? to ni a group ɗinmu na girke girke daf kowa ke cewa, har mai koyar da mu a voice note, ki bar daf ɗinki ya tashi minti talatin 🙈

Malam Nasiru: Do ne Maman Ilham. Amma abin mamaki ba su yi nisa da tarihi ba, a arewacin Ingila an taɓa furta ta da f, har ta bar wata kalma duff sunan wani kayan zaƙi da ake dafawa. Sai dai WAEC ba ruwanta da wannan.

Kabiru Sokoto: Ni fa duk wannan abin haushi yake bani. Turanci yare ne ba ilimi ba, mun zauna muna wahalar da kanmu sai mun yi magana kamar Sarkin Ingila. Ɗan Indiya yana nasa Turancin, ɗan Ghana yana nasa, ba wanda ya kama su. In na ce sot ka gane thought nake nufi to magana ta ƙare. China da Japan da wane Turancin suka ƙera mota

Malama Binta: Kabiru rabin maganarka ina tare da kai, ba wanda ya ce sai mun shaƙe murya muna magana ta hanci, kuma raina mutum don lafazinsa jahilci ne. Amma yaron nan in bai samu kiredit a Turanci ba ba jami'ar da za ta ɗauke shi ko da ya cinye lissafi da kimiyya, JAMB ma Use of English dole ne kuma shi ya fi kowane darasi yawan tambaya, 60 ne saura 40 40. Wannan dokar ba mu muka kafa ta ba. Ka yi faɗan a canza tsarin, ni ma zan sa hannu, amma kafin nan yara su ci jarrabawa

Malam Nasiru: Kuma Kabiru sot ɗin nan da ka kawo misali shi ne matsalar ai. In ka ce sot, thought kake nufi ko sought ko sort? In ɗan kudu ya ce tot, thought yake nufi ko taught? Mu Hausawa th muna mai da shi s ko z, su kuma t ko d. Alhali mu ne ya kamata mu fi kowa iya shi don muna da shi a allo tun muna yara. Th na thought da through da thorough shi ne ث, th na though da although shi ne ذ. Harshe tsakanin haƙora. Yaron da malamin Islamiyya ya hana shi karanta ث kamar س ba shi da uzurin cewa sot. Ina gwada wannan a aji kuma nan take suke kamawa, har su yi ta mamaki wai dama shi ne.

Kabiru Sokoto: Wannan kam ban taɓa kawo shi a raina ba. Amma dai ina nan kan bakana, tsarin ne ba daidai ba

Ummi Tudun Wada: Malam ngd sosai Allah ya saka da alheri, na kwafe duka a littafi. In na ƙirga daidai karatu bakwai ke nan, af, of, o mai tsawo, au, na though, na through, na thorough. Akwai saura?

Malam Nasiru: Akwai 'yan tsiraru. Hiccough, shaƙuwa, ana karanta ta hikap, kuma yawanci hiccup ake rubutawa yanzu. Ita wannan gh ɗinta ma na aro ne, mutane ne suka ɗauka tana da alaƙa da cough suka liƙa mata. Sai lough, tafki a Ailan, wadda ta riƙe tsohon sautin maƙogwaron. Ba na jin za a tambayi yaro lough amma hiccough tana iya fitowa. To ga gwaji, kowa ya amsa ban da Injiniya. Wacce ce ta yi amo ɗaya da bough: A tough, B now, C go, D bought

Maman Ilham: B

Zainab ABU: B Malam

Baffa Gwale: C

Baffa Gwale: a'a tsaya B, hannuna ne ya zame

Admin Anti Hadiza: Baffa a zauren jarrabawa ba a goge saƙo fa 😂

Malam Nasiru: B ne. Ga na biyu mai ɗan zafi, a jimlar nan the snake will slough its skin, yaya za a karanta slough kuma me take nufi

Zainab ABU: Slau mana, Injiniya ya faɗa ɗazu

Malam Nasiru: Na san za ki faɗa ramin. Sunan garin ne Slau, haka ma in ana nufin wuri mai taɓo da laka. Amma in maciji ne ya yi saɓa, slaf ake cewa, gidan su rough. Rubutu ɗaya sak, jimla ce kawai za ta raba miki, kamar dai fari ɗin Malama Binta.

Ɗan Maradi: Wallahi na gode Allah da eau ɗina

Kabiru Sokoto: Kun gani ko, kuma ace wai wannan ne harshen duniya

Baffa Gwale: To Malam tunda kace gh ne yake komawa f, lieutenant fa? naji sojojinmu suna cewa leftenan har mu muka ara muke cewa laftanar, na duba kalmar sama da ƙasa ba f ba gh

Engr Mubarak Leicester: Nan ma leftenant suke cewa, Amurkawa ne ke cewa lutenant

Malam Nasiru: Wannan daga Faransanci ta shigo, ba dangin su ough bace, Ɗan Maradi ne zai biya mana ita. An kira magariba a nan, Zainab ki haɗo mana masu augh da ma'anarsu ki turo bayan isha'i in duba, caught da taught da naughty da sauransu, kar ki manta da draught

Zainab ABU: To Malam in sha Allah, in NEPA sun kawo wuta, cajina saura kaɗan